Togo: gaɓar teku kilomita 56, amma kayan Yamai da Wagadugu ta nan suke bi

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu sanin taswira ce da kuma direbobinmu na wannan zaure. Tun da aka toshe gadar iyakar Nijar da Benin da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, duk wanda ka tambaya a kasuwa ina kayanka, sai ya ce suna Lome. Shinkafa Lome, taliya Lome, mota Lome. Gaɓar tekun Togo duka-duka kilomita 56 ce, daga Maraɗi zuwa Katsina ma ya fi haka. To yaya aka yi wannan ɗan bakin ruwa ya ɗauki kayan ƙasashe da yawa haka? Abin da ya fi damuna kuma shi ne, Lome za ta iya maye mana gurbin Kwatano na dindindin, ko maneji kawai muke yi?

Malamin Taswira:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo maganar tashar jiragen ruwa sai an fahimci siffar ƙasar. Togo doguwa ce siririya, kamar sandar makiyayi da aka kafa gindinta a teku. Daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 600 ne, faɗinta kuwa a wani wurin bai wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, inda ta fi faɗi kimanin 150. Girmanta gaba ɗaya bai kai na Jihar Neja ko Borno ba. Ƙidayar 2022 ta ba su mutum miliyan 8 da ɗoriya.

Wannan siffa kuwa Turawa ne suka yanka ta. Jamusawa sun kafa tuta a bakin ruwan a 1884, Turawan Ingila na yammansu a ƙasar da ta zama Ghana, Faransawa na gabasu a Dahomey, Benin ta yau. Babu wurin faɗaɗawa dama ko hagu, sai suka yi ta miƙewa arewa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba ta biyu tsakanin Ingila da Faransa. Rabon Ingila ya yi ƙuri'a a 1956 ya bi Ghana, rabon Faransa shi ne ya sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu 1960. Shi ya sa ta ƙara sirancewa.

Hajiya 'Yar Zango:
Malam ka faɗi daidai, mu da ke cikin Lome mu ne shaida. Babban birnin ƙasa ne amma bangonsa na yamma shi ne iyakar Ghana. Ka hau ɗan acaba daga babbar kasuwa, kafin ku gama cinikin kuɗin hawa ma kun isa ƙofar Aflawo. Da safe za ka ga mata da kwanduna a ka suna shigowa, wasu suna fita, hannu ɗaya sidi hannu ɗaya sefa. In kuwa gabas ka yi, ka bi bakin teku ka wuce Aneho, awa guda da 'yan mintoci kana iyakar Benin, in dai babu cunkoson manyan motoci a gaban tashar jirgin ruwa.

Ɗan Maraɗi:
To Hajiya ai wannan ya ƙara mini mamaki ne. Wuri ƙanƙani haka, ko Allah ne ya ba su mashigin ruwa mai kyau da sauran ba su da shi?

Injiniya Apapa:
A'a Alhaji, mashigi kam ba su da shi ko kaɗan. Bakin tekun Togo miƙaƙƙen yashi ne, igiyar ruwa na dukansa kai tsaye, babu lungun da jirgi zai fake. A zamanin Jamus jirgi can nesa yake tsayawa, ƙananan kwale-kwale su je su kwaso kaya, wani lokaci igiya ta kife su da kayan. Sai a 1904 suka gina wata gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku don sauke kaya, Faransawa suka gina tasu a 1928. Har yanzu ragowar ƙarafunan na tsaye a ruwa gaban gari.

Tashar da ake magana yanzu a 1968 aka buɗe ta, kuma da hannu aka yi ta: katangar duwatsu aka jera cikin teku ta tare igiya. Abin da suka samu daga Allah shi ne zurfi kusa da gaɓa, jirgi daga teku kai tsaye yake shiga. Mu a Apapa sai jirgi ya bi doguwar hanya ta cikin tafki, ga yashi da laka da ake yasa kullum. Abin da ya ɗaga Lome sama kuwa shi ne sabon wurin kwantena da ya fara aiki a 2014, wanda kamfanin jiragen ruwa na MSC ke da hannu a ciki, zurfinsa ya haura mita 16. Manyan jiragen da suke tasowa daga Asiya suna iya tsayawa nan da cikakken lodi.

Amma ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mafi yawan kwantenonin da ake saukewa a Lome ba sa fita ƙofar tashar ma. Babban jirgi ya sauke, a jera su a fili, ƙananan jirage su zo su ɗauka su rarraba zuwa Legas da sauran tashoshin yankin. Haka ma man fetur: tankokin ruwa suna tsayawa a teku daura da Lome suna juye wa juna mai, da daddare fitilunsu a jere kamar wani gari. Saboda haka in ka ji ana cewa Lome ta yi fice a yawan kwantena, kada ka ɗauka duk kayan tirela ne masu tafiya arewa.

Bakano Mai Gwanjo:
Ku daina yabon Togo haka nan. Gazawarmu ce abincinsu. Da tashoshin Legas suna aiki yadda ya kamata tun shekarun baya, wa zai kai kayansa Lome? Mutum miliyan 8 me za su ci da har za a gina musu irin wannan tasha? Don kasuwar Najeriya aka gina ta, kowa ya sani. Motocin da ke jibge a filayen sayar da mota na bayan tashar, ku je ku tambayi ina suke ƙarewa.

Injiniya Apapa:
Akwai gaskiya a ciki Yallaɓai, amma ba duka ba. Tashar Lekki ta Legas ta fara aiki a 2023, zurfinta ya yi kafaɗa da na Lome, kuma ba mu ga Lome ta rufe ba. Mai jirgi ba zurfi kaɗai yake dubawa ba. Yana duba kwana nawa zai yi kafin ya sami wurin tsayawa, da takarda nawa za a sa masa hannu. Ƙaramar ƙasa da ta san ba ta da man fetur, ta san tashar nan ce tukunyarta, dole ta lallaɓa ta. Irin wannan lissafin ne ya sa hedikwatar bankin Ecobank take Lome, kuma kamfanin jiragen sama na ASKY tun 2010 can yake tara fasinjojin Legas da Abuja da Yamai ya sake rarraba su.

Bakano Mai Gwanjo:
Ni dai ban canza magana ba. Ranar da muka gyara gidanmu za ku gani.

Baban Tirela:
Ku masu biro kun gama? To bari mai sitiyari ya yi magana, don tambayar Alhaji ba ta ruwa ba ce, ta gudron ce.

Togo hanya guda gare ta. Guda ɗaya tak, lamba ɗaya, daga Lome har Sinkase iyakar Burkina, sama da kilomita 600. In munka yi lodi a tasha sai mu fito mu yi jira wajen Adetikope, arewa da gari kaɗan, inda anka gina babban filin ajiye kamyon. Daga nan Tsebiye, Notse, Atakpame, Bilita, Sokode. Har Sokode ba laifi, ƙasa shimfiɗe take, sai dai hanyar ƙarama ce, mai zuwa da mai dawowa hannu ɗaya ɗaya, ga 'yan acaba, ga kasuwar ƙauye a bisa gudron.

Bayan Sokode ne aiki yake. Dutsen Alejo, wanda anka fasa tsakiyarsa anka wuce da hanya, bango dama bango hagu, kamyon mai faɗi sai ya bi a hankali. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, gangarar ce. Ka ɗauko tan arba'in na shinkafa a bayanka, birki ya yi zafi har kana jin warinsa cikin kai, yaron mota ya sauka yana bin ka da katako a hannu don ya sa wa taya in ta ƙi tsayawa. In ka leƙa ƙasa cikin kwazazzabo gawarwakin motoci ne sun yi tsatsa. Bayan Kara kuma ga na Defale yana jiranka. Yanzu an yi hanyar kewaye a wuraren biyu, Allah ya saka wa wanda ya yi da alheri, amma tsofaffin direbobi har gobe in sun zo wurin sai sun yi shiru sun kama salati. Daga nan Kante, Mango ka ƙetare kogin Oti, Dapawong, Sinkase.

Malamin Taswira:
Baba ya taɓo wurin. Jerin duwatsun nan da ya ambata sun ratsa ƙasar ne a karkace, daga kudu maso yamma wajen Palime, inda dutsen Agu yake, mafi tsawo a ƙasar da mita 986, har zuwa arewa maso gabas su shiga Benin. Duk hanyar da za ta je arewa dole ta hau su. Illar hanya guda kuma an gan ta a daminar 2008, lokacin da ambaliya ta karya gadar Amakpape a kan wannan hanya. Ƙasar ta rabu biyu, motocin Burkina da Nijar da Mali suka yi cirko-cirko.

Baban Tirela:
Ina cikin waɗanda sunka kwana a wurin, Malam. Amma Alhaji, ka saurara da kyau, duk wannan da na lissafa ba shi ne wahalar ba. Togo lafiya lau kake ratsa ta. Wahalar daga Sinkase take farawa, don Togo ba ta da iyaka da Nijar. Dole ka shiga Burkina. A da daga Sinkase sai Tenkodogo, Kupela, ka karya gabas ka bi Fada Ngurma da Kancari ka shiga ta Makalondi da Torodi sai Yamai. Wannan hanya 'yan bindiga sun hana ta. Yanzu sai ka yi arewa, Kaya, Dori, ka shiga ta Tera, kuma ba ka tafiya kai kaɗai, sai an tara ayari na ɗaruruwan motoci soja sun raka ku. Jiran ayarin nan shi ke cin mutum. Makonni kana zaune ƙarƙashin mota, kuɗin guzuri ya ƙare, mai kaya na kira, matarka na kira. Kuma duk da rakiyar ana kai hari, mun rasa 'yan'uwa direbobi a wannan hanya, Allah ya jiƙansu.

Hajiya 'Yar Zango:
Amin ya Allah. Arewacin Togo ɗin ma ba kamar da ba ne, tun 2022 yankin Dapawong yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke tsallakowa daga Burkina.

Ɗan Maraɗi:
Amin. Baba ai mu na Maraɗi da Damagaram namu ya fi na kowa. Ta Kwatano, mota ta bi Paraku ta hau gadar Gaya, tana isa Doso sai ta karya gabas, ba ruwanta da Yamai. Yanzu kuwa sai kaya sun je can yamma sun zagayo ta Tera sun shiga Yamai, sannan a fara sabuwar tafiya ta sama da kilomita 600 zuwa wurinmu. Kowane kilomita kuma a kan buhun shinkafa yake sauka. Mai saye a kasuwa ba ya ganin Dori, ni yake gani, ni yake zagi.

Bakano Mai Gwanjo:
To Alhaji me ya kai ku wannan zagaye tun farko? Ga Legas ga Kano ga Jibiya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ai don ku ake yin sa.

Ɗan Maraɗi:
In ya ƙare muna murna, Yallaɓai. Amma ka tuna watan Agustan 2019 da kuka rufe iyaka sama da shekara, kuka kuma rufewa a 2023. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ga kuma kuɗi: mu da Togo sefa ɗaya muke kashewa, takardun duwan iri ɗaya, harshen ofis ɗaya. In na bi ta wurinku sai na yi lissafin naira safe da yamma.

Ɗalibar Jami'a:
Don Allah iyayena ku yi haƙuri in tsoma baki. Tun da hanyar mota guda ce kuma tana da hawa, me ya hana su jirgin ƙasa? Na ɗauka Jamusawa sun shahara da gina dogo.

Malamin Taswira:
Sun gina, 'yata. Layi uku suka fitar daga Lome: na Aneho a 1905 don kwakwa, na Palime a 1907 don koko, na Atakpame bayansu don auduga. Faransawa suka ja na ukun zuwa Bilita a shekarun 1930, kilomita 276 daga teku, a nan ya tsaya, bai ko kai gindin duwatsun da Baba yake magana ba. Dubi abin da kowane layi ya je ɗaukowa, za ki gane ba don haɗa ƙasa aka yi su ba, don kwaso amfanin gona zuwa bakin jirgi ne. Jirgin fasinja ya daina aiki tuntuni. Wanda ya rage da rai sosai shi ne na ma'adinin fosfat, daga ramukan Hahotoe zuwa Kpeme, inda suke da tasu gadar lodi a teku. Maganar kai dogo har Sinkase kuwa an daɗe ana yin ta.

Baban Tirela:
Su yi ta yi. Ranar da dogo ya kai Sinkase ni na yi ritaya.

Dattijon Fatake:
Ina karanta ku tun ɗazu. Yara, ku duka kuna magana kamar hanya daga teku take farawa. A zamanin kakanninmu ba haka take ba. Hanyar da ta ratsa ƙasar da ake kira Togo yau daga gabas take zuwa yamma. Fatake su taso daga Kano ko Katsina da jakuna, da kanwa da fata da baƙin yadi, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su sauka Jugu, su bi ƙasar Kotokoli wajen Sokode ta yanzu, ko su yi sama su bi ta Mango, har Salaga a ƙasar Gwanja, su ɗauko goro su juyo. Zangunan da kuke gani a garuruwan nan ba tirela ce ta kafa su ba. Teku a lokacin bayan gida ne. Bature ne ya zo ya juya hanyar ta koma kudu da arewa, ya kuma sassare ta gabas da yamma da iyakoki. Yau ga shi ɗan Maraɗi yana kuka don an toshe masa ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin da Bature ya bar masa.

Hajiya 'Yar Zango:
Allah ya ƙara girma Baba. Mu ma zangonmu na Lome hanyar ce ta ja shi. A da a tsakiyar gari yake, a 1977 hukuma ta tashe shi aka mai da mutane can arewa da gari, bakin hanya lamba ɗaya. Iyayenmu sun ce lokacin daji ne, kuka suka yi. Yanzu gari ya cim mana ya wuce, kuma duk motar da za ta arewa ta gabanmu take bi. Direbobi a wurinmu suke sallah, a wurinmu suke cin tuwo.

Amma Injiniya, ka yabi katangar duwatsun nan ba ka faɗi abin da ta yi wa mutanen gabas da tasha ba. Je ka Bagida ko Agbodrafo ka gani. Tsohuwar hanyar Aneho tana cikin ruwa. Akwai wurin da za ka tsaya ka ga rijiyar siminti tsaye ita kaɗai a cikin teku, igiya na dukanta, gidan da aka haƙa ta a tsakar sa babu ko tubali. Masunta sun ja baya sun sake gini, ruwan ya sake biyo su.

Injiniya Apapa:
Haka ne Hajiya. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, shekara da shekaru. Da aka gina katangar tasha sai ta tare shi. Yashi ya taru a yamma, shi ya sa bakin ruwan cikin garin Lome yake da faɗi har ana buga ƙwallo. A gabas kuma ruwa ya zo bai sami yashin da ya saba kawowa ba, sai ya ci ƙasar da ya tarar. Madatsar Akosombo da Ghana ta gina a kan kogin Volta a shekarun 1960 ita ma ta rage yashin da ke sauka teku tun daga sama. Ana jera duwatsu a wurare irin su Aneho don rage ɓarnar, sai dai duk inda ka tare, na gaba da kai ne zai ji a jikinsa. Ga ƙasa mai gaɓa kilomita 56, kuma hanyar Legas zuwa Abijan a kan wannan ɗan siririn yashi take tsakanin teku da tafkin Togo, ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin Taswira:
Ƙarin abin mamaki, duk da tana bakin teku, ruwan saman da Lome ke samu a shekara bai kai na Kaduna ba. A wannan yanki dajin kurmi ya yanke, filin ciyawa ya sauko har gaɓa, shi ya sa za ka ga kuka ba nisa da teku.

Ɗan Maraɗi:
Na gode muku duka. Abin da na fahimta, tashar ba ta da laifi, abin da ke tsakanina da ita ne matsala. Baba, kai da kake kan hanya, in an buɗe gadar Gaya gobe, ina za ka?

Baban Tirela:
Kwatano, tun kafin a gama sanarwa. Benin ai ta buɗe nata gefen, namu ne a rufe, shi ya sa kake ganin mutane da ƙananan kaya suna ƙetarewa a kwale-kwale. Lome ta Burkina ce tun asali, Wagadugu ce ke kan hanyarta miƙe. Mu baƙi ne da larura ta kawo. Sai dai manyan 'yan kasuwa da sunka riga sunka saba da masu fitar musu da kaya a Lome, ba duka za su koma ba, wasu za su raba ƙafa.

Bakano Mai Gwanjo:
Ko ku raba ƙafa uku, ta ukun tana Kano.

Hajiya 'Yar Zango:
Baban Tirela, kafin ka gudu Kwatano ka biyo ta zango, masu tuwo sun ce akwai lissafi.

Baban Tirela:
Hajiya a rufa asiri, zaure ne. Alhaji, in kayanka sun riga sun sauka kada ka bari su kwana a tasha kuɗin ajiya na hawa, ka sa a fito da su a yi lodi, gara motar ta yi jiran ayari da kayan a bayanta.